Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanonin haska fina-finai ta intanet: ku gaya mana abin da ke cikin fim kafin yaro ya gani

Zuwa ga shugabannin kamfanonin da ke haska fina-finai ta intanet, da ma'aikatanku masu kula da sashen yara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Dogon hutun makaranta ya zo. Makonni ne masu yawa da yara za su riƙa wuni a gida, iyaye kuwa babu wanda ya ba su hutu. Mai zuwa ofis zai je, mai sana'a zai ci gaba da sana'arsa, aikin gida ma ƙaruwa yake yi idan kowa yana nan. Babu uwa ko uban da zai iya cika wa ɗan shekara huɗu wuni guda cur da wasa da karatu da hira, yau da gobe da jibi. Akwai lokacin da rana ta take ko ruwa ya tsuge, ba halin fita, an gaji da guje-guje, kowa yana bukatar ya zauna ya huta. A irin wannan lokaci ne muke buɗe manhajojinku. Ni uwa ce mai ƙananan yara, babbar cikinsu ba ta kai shekara goma ba. Ban rubuto don in la'anci fim ba. Ina son fim mai kyau, kuma ina son 'ya'yana su san daɗinsa. Na rubuto ne saboda nemo fim ɗin da ya dace da ƙaramin yaro a wurinku ya zama jan aiki, kuma gyaran yana hannunku.

Da zarar an shiga sashen yara, sai a tarar an zube komai wuri guda. Hotunan duk masu launi ne, duk dabbobi ne masu manyan idanu suna murmushi. Fim ɗin da aka yi don ɗan shekara uku yana nan kusa da wanda aka yi don ɗan shekara goma sha biyu, ba abin da ya bambanta su a ido. Alhali tsakanin yaran nan biyu akwai tazara mai nisa. Farfesa Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin a Amurka ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke tsorata yara a fim da talabijin, kuma abin da ta gano duk wadda ta yi raino za ta gaskata shi. Ƙaramin yaro kama yake tsoro, ba hali ba. Halitta mai mummunar fuska, ko da ita ce mafi kirki a labarin, tana iya hana shi barci, mugu kuwa in kyakkyawa ne ko a jikinsa. Rikiɗa ma tana firgita shi. A shirin The Incredible Hulk, ƙananan yara sun fi razana a daidai lokacin da mutumin yake rikiɗa ya zama ƙaton nan kore, duk da cewa ceto ya zo yi. Kuma ce masa "ai ba gaske ba ne" ba ya wani tasiri, don bai gama raba gaske da ƙirƙira ba tukuna. A ɗauke shi a rungume ya fi masa magani. Wanda ya haura shekara takwas kuwa ya fara raina dodo, tsoronsa ya koma kan abin da zai iya faruwa da gaske: gobara, ɓacewa, rasa iyaye. To yaya za a yi sashe ɗaya ya wadatar da su duka?

Na san amsar da za ku ba ni. Za ku ce ai kowane fim yana ɗauke da alamar shekaru. Haka ne, amma mu duba abin da alamar take faɗa. Tsarin Amurka, wanda ya fi kowanne yaɗuwa, an soma shi a 1968. Harafin G yana nufin kowa zai iya kallo, PG kuma yana nufin iyaye su sa ido. A 1984 aka ƙaro PG-13, mai gargaɗin cewa fim ɗin zai iya yi wa 'yan ƙasa da shekara 13 nauyi, bayan iyaye sun yi ta ƙorafi kan Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom, waɗanda suka fito da PG alhali akwai abubuwan tayar da hankali a cikinsu. Sai dai tsofaffin fina-finai sun ci gaba da riƙe alamarsu ta da. Shi ya sa Jaws na 1975, labarin ƙaton kifin da ke cin mutane a bakin teku, har yau PG ne, katun ɗin yara Frozen na 2013 shi ma PG ne. Uwar da ta ga haruffan nan biyu a kusurwar allo, me suka gaya mata? Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya, BBFC, wadda aka kafa a 1912, ta ɗan fi fayyacewa: U na nufin daga shekara huɗu zuwa sama, PG kuma bai kamata ya tayar wa ɗan kimanin shekara takwas hankali ba. Duk da haka, Watership Down na 1978, katun ɗin zomaye mai ɗauke da jini da kisa, ya yi sama da shekara arba'in yana ɗauke da U kafin a mayar da shi PG a 2022.

Ko G ɗin ma ba tabbaci ba ne. A shekarar 2000, Fumie Yokota da Kimberly Thompson na Jami'ar Harvard sun bi fina-finan katun 74 masu alamar G da aka haska a sinima daga 1937 zuwa 1999, suka wallafa sakamakon a mujallar likitoci ta JAMA. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ba a yi faɗa ko cutar da wani a ciki ba. A 2014 kuma mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa wani bincike kan fina-finan katun 45 da suka fi kasuwa, daga Snow White na 1937 zuwa Frozen, inda aka ga cewa manyan jaruman labaransu sun fi na fina-finan manya yawan mutuwa har ninki biyu da rabi. Sau da yawa iyayen jarumin ne ake kashewa. A katun ɗin Bambi, uwar jarumin maharbi ne ya harbe ta. A The Lion King, uban Simba ya mutu ɗansa yana gani. Finding Nemo da mutuwar uwa da 'yan'uwa ya buɗe, tun kafin sunan fim ɗin ya bayyana.

Ba cewa nake a cire mutuwa daga labaran yara ba. Labarin da ba a rasa komai a cikinsa bai cika zama a zuciya ba, kuma wasu daga cikin fina-finan da na ambata suna cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi wa yara. Abin da nake cewa shi ne, ranar da yaro zai fara cin karo da irin wannan, ya kamata uwarsa ko ubansa su san da zuwanta, su kasance a kusa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na san wanne daga cikin 'ya'yana zai iya ɗauka, wanne kuma bai kai ba, amma sanin nan ba shi da amfani in ban san abin da ke cikin fim ɗin ba.

Ƙaramar 'yata tana shekara huɗu na taɓa kunna mata wani katun da na gani a sashen yara. Hoton bangonsa ɗan dabba ne yana dariya, alamar ta ce kowa zai iya kallo. Na bar ta na shiga aiki a ɗaki na kusa. Ba a jima ba na ji shirun ya yi yawa, na leƙo. Ba kuka take yi ba. Tana zaune ta haɗa gwiwoyi da ƙirji, yatsa biyu a baki, abin da ta daɗe da bari, idonta a kan allo ko ƙiftawa ba ta yi. An kashe uwar ɗan dabbar, fim ɗin har ya wuce wurin an shiga waƙa. Na kashe, ba ta ce uffan ba, ta dai riƙe gefen rigata duk inda na nufa har yamma. Sai da dare, na kwantar da ita na tashi zan fita, ta ce, "Umma, ke ma in na yi barci za ki tafi?" An kwana da yawa kafin ta yarda a rufe mata ƙofa. Jimla ɗaya a ƙarƙashin hoton nan da ta ishe ni in ajiye fim ɗin sai baɗi, ko in zauna mu kalla tare.

Kwalbar maganin yara ba a rubuta mata "na yara" kawai a yi shiru. Ana rubuta shekaru, da adadin da za a ba kowa, da abin da ke ciki, da wanda bai kamata ya sha ba. Irin wannan nake roƙo, kuma ba sabon abu ba ne. Ƙasar Holan tana da tsarin Kijkwijzer tun 2001. Bayan lambar shekaru, wadda ta ware shekara 6 daban da shekara 9, akwai ƙananan zane da ke nuna dalili: gizo-gizo alamar abin tsoro ne, dunƙulallen hannu alamar faɗa, akwai na zagi, da na wariya, da na shaye-shaye. Ko wanda bai iya karatu ba zai gane. Ƙungiyar Common Sense Media, wadda aka kafa a Amurka a 2003, tana bin fina-finai ɗaya bayan ɗaya tana faɗin shekarun da suka dace da kuma abin da ke ciki dalla-dalla. Aikinsu yana da amfani ƙwarai, sai dai kafin uwa ta amfana da shi dole ta fita daga manhajarku, ta buɗe wani shafi, ta karanta Turanci, duk wannan yaro yana jan hannunta yana cewa a kunna. Me zai hana bayanin ya zauna a inda ake bukatarsa?

Ina nufin jimloli biyu ko uku, waɗanda mutum mai rai da ya zauna ya kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe ya rubuta. Misali, a ce uwar jarumin tana mutuwa a farkon fim, akwai duhu da ƙara mai ƙarfi kusa da ƙarshe, babu zagi. Wanda ba ya son a tona masa labari sai ya bar wurin a rufe, iyaye kuma su danna su karanta. Kada ku ce aikin ya yi yawa. Kun riga kun san daƙiƙar da waƙar buɗe shiri take farawa da wadda take ƙarewa, har kuka sa maɓallin tsallake ta. Wanda ya iya wannan zai iya sa alama a inda abin tsoro yake. Sannan ku ba mu damar nema yadda iyaye suke tunani: ɗan shekara huɗu, ƙasa da minti arba'in, ba mutuwa, ba dodo. A yanzu abin da wasunku suka ba mu shi ne lambar sirri da damar toshe fim da sunansa. Mun gode da wannan, amma ba na iya toshe abin da ban san yana da matsala ba sai bayan ya yi ɓarna.

Na nace kan mutum mai rai ne saboda na'urar da ke zaɓo wa mai kallo abin da zai gani gaba ba ta san yaro ba. Kama take bi. A watan Afrilun 1988 kamfanin Studio Ghibli na Japan ya saki fina-finai biyu rana ɗaya, ana haska su tare. Ɗaya shi ne My Neighbor Totoro na Hayao Miyazaki, labarin 'yan'uwa mata biyu da suka koma ƙauye, fim mai taushi wanda babu mugu a cikinsa ko ɗaya. Ɗayan shi ne Grave of the Fireflies na Isao Takahata, labarin wani yaro da ƙanwarsa da yunwa ta kashe a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, dukansu katun, dukansu da ƙaramar yarinya a ciki. A lissafin na'ura 'yan'uwan juna ne. Duk wanda ya kalle su kuwa ya san na biyun babba ma sai ya daure. Mun kuma ga abin da ya faru a 2017, lokacin da jaridu suka bankaɗo bidiyoyi masu amfani da fuskokin katun da yara suka sani suna aikata abubuwan banza da na zubar da jini, wasunsu har sun kutsa cikin YouTube Kids, manhajar YouTube ta yara. Sashen ƙananan yara bai kamata ya karɓi komai ba sai wanda idon mutum ya gani ya amince.

Abu na biyu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda fim ba ya ƙarewa a wurinku. Labari ya zo ƙarshe, sunayen ma'aikata sun fara hawa, yaro ya sauke ajiyar zuciya, yana shirin juyowa ya ba ni labarin abin da ya gani. Kafin ya buɗe baki allon ya tsuke ya koma kusurwa, wani hoto ya fito, lamba tana ƙirga ƙasa, sabon abu ya fara. Daga nan duk wanda ya kashe shi ne mugu, kuma ni ce zan kashe. Rigimar da ke biyo baya ba ta yaron ba ce, ba kuma tawa ba ce, tsarinku ne ya haifar da ita. Alexis Hiniker da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun yi nazari a 2016 kan yadda ƙananan yara ke rabuwa da allo, suka ga cewa rabuwar ta fi zuwa da sauƙi idan abin kallon ne ya kai ƙarshensa da kansa, ba wani ne ya katse shi ba. Na san kasuwancinku a kan daɗewar mai kallo yake. Reed Hastings, shugaban Netflix na lokacin, ya faɗa a 2017 cewa barci yana cikin abokan hamayyar kamfaninsa. Babba yana iya zaɓar ya sayar da barcinsa. Ɗan shekara huɗu ba ya iyawa, bai ma san ana ciniki ba. A sashen ƙananan yara, ku bar wannan tsari a kashe tun asali, wanda yake so ya je ya kunna da hannunsa. Fim ya ƙare, allo ya tsaya.

Batun tsawo ma yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba a nisanta shi da zaman kallon allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Yawancin manyan fina-finan katun sun kai sa'a ɗaya da rabi ko fiye. Ke nan fim guda ya riga ya zarce ƙa'ida. Gajerun fina-finai masu kyau suna nan, amma sun nutse a ƙasa. The Red Balloon na Albert Lamorisse, wanda aka yi a Faransa a 1956, minti 34 ne: yaro da balan-balan ja a titunan Paris, magana 'yar kaɗan. The Gruffalo na 2009 bai kai rabin sa'a ba. Winnie the Pooh na 2011 minti 63 ne. Ku fito da irinsu fili, ku ware musu wuri da hutun nan. Dogayen kuma ku nuna mana inda labari ya ɗan lafa, a tsaya a nan, a ƙarasa gobe.

Talla kuwa ba zan tsawaita ba. Ƙaramin yaro bai san bambancin talla da labari ba, abin da ya sa lardin Kebek na Kanada ya haramta tallan da ake nufin yara 'yan ƙasa da shekara 13 da shi tun 1980. A 2019 Google da YouTube sun amince su biya dala miliyan 170 a Amurka kan zargin tattara bayanan yara ba da iznin iyayensu ba. Kada ku jira sai kotu ko hukuma ta tilasta muku. Ku cire talla daga sashen ƙanana, ku daina bin sawunsu.

Akwai kuma yaran da ba ku cika tunawa da su ba, waɗanda harshensu na gida ba ya cikin 'yan harsunan da kuke fassara fim zuwa gare su. Rubutun fassara a ƙasan allo ba ya amfanar wanda bai fara karatu ba. Harsuna da yawa masu miliyoyin masu magana, har da wannan da nake rubutu da shi, da wuya a sami fim ɗin yara mai inganci da aka sa wa muryarsu. Kafin ku kai ga wannan, akwai hanya mai sauƙi: fina-finan da ba su dogara da magana ba. Shaun the Sheep Movie na kamfanin Aardman, wanda ya fito a 2015, ba a furta jimla ko ɗaya a cikinsa, amma ɗan shekara huɗu da kakarsa za su zauna su yi dariya a wuri ɗaya. Flow na ƙasar Latbiya, labarin kyanwa a cikin ambaliya, shi ma ba magana, kuma ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025, ko da yake ruwan da ke cikinsa zai iya tsorata ƙanana sosai, irin bayanin da nake so in riƙa samu daga gare ku ke nan. Ku tara irin waɗannan wuri guda, ku sa musu suna da za a gane, ku bari a sauke su a waya don gidajen da intanet ɗinsu ba ta tsayawa.

Ban ɗora muku tarbiyyar 'ya'yana ba. Zama kusa da yaro yana kallo, amsa tambayoyinsa, kashe allo a fita wasa, duk wannan namu ne, kuma babu manhajar da za ta yi mana. Amma Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 17, ta yi maganar rawar kafafen watsa labarai wajen samar wa yara abin da zai amfane su da kare su daga wanda zai cutar da su, sashe na 31 kuma ya tabbatar musu haƙƙin hutu da wasa da nishaɗin da ya dace da shekarunsu. A yau ku ne babbar ƙofar da fim yake shigowa gidaje ta cikinta, don haka wannan magana ta shafe ku kai tsaye.

Kashe tsarin kunna fim na gaba da kansa ba ya bukatar sabuwar doka ko dogon shiri, kuna iya yin sa kafin a koma makaranta. Rubuta bayanin abin da ke cikin fina-finai zai ɗauki lokaci, sai ku fara da waɗanda ƙananan yara suka fi kallo, ai kun san su. In kuma kuna neman iyayen da za su zauna su gwada sabon tsari su gaya muku inda ya yi daidai da inda ya kauce, ku nema, muna da yawa, kuma za mu zo.

Na gode da kuka ba wasiƙata lokacinku.

Taku,
Wata uwa mai ƙananan yara